Tarihin Sufuri da Cunkoson Jama'a a Birnin Bombai

Sunan Bombai ba baƙo ba ne a kunnen mutanen ƙasar Hausa. Shekara da shekaru gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya sun yi ta nuna finafinan da ake shiryawa a wannan birni, har aka sami mutane da dama waɗanda suka san kamannin bakin tekunsa da jajayen bas ɗinsa masu bene, alhali kuwa ba su taɓa taka ƙasar Indiya ba. Abin da fim bai cika nunawa ba shi ne wahalar da mazauna birnin suke sha kowace safiya kafin su isa wurin neman abincinsu. A shekarar 2019 jiragen ƙasa na birnin da kewayensa suna ɗaukar fasinja fiye da miliyan 7 kowace rana. An kuma yi shekaru a jere mutum fiye da 3,000 suna rasa rayukansu a kan dogon nan cikin kowace shekara, waɗansu wajen tsallake layi, waɗansu kuwa faɗowa suke yi daga ƙofar taragu saboda matsi.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda al'amarin ya kai haka, a kuma duba irin magungunan da hukumomi suka gwada tun daga zamanin Turawa. Tarihin zai nuna cewa tun farko an tara wuraren aiki a ƙarshen wani siririn harshen ƙasa, aka bar wuraren kwana suna ta ƙara nisa, kuma duk sa'ad da dama ta samu ta gyara wannan tsari sai a sake ta, a koma neman dabarar jigila. Cikin 1995 gwamnatin Jihar Maharashtra ta sauya sunan birnin zuwa Mumbai. Za a yi amfani da tsohon sunan wajen bayanin abin da ya gabaci wannan shekara.

Tsibirai bakwai

Wanda ya dubi taswirar yau da wuya ya gane cewa wurin nan a da tsibirai bakwai ne, masunta 'yan ƙabilar Koli ke zaune a cikinsu, ruwan teku da laka sun raba tsakaninsu. Turawan Fotugal suka karɓe su daga hannun Sarkin Gujarat cikin 1534. A 1661, da aka ƙulla auren Sarkin Ingila Charles na Biyu da Gimbiya Catherine ta Fotugal, sai aka haɗa da Bombai cikin garar amarya. Sarkin bai ga amfanin da zai yi da ita ba, saboda haka a 1668 ya ba da ita haya ga Kamfanin Gabashin Indiya a kan fam 10 a shekara. Shi kuwa kamfanin tashar ruwa ya hango, mai zurfi, wadda tsibiran suka kare daga haukan teku. Can kusa da ƙarshen kudu ya gina ganuwarsa da rumbunan kaya da ofisoshi, a unguwar da har wa yau ake kira Fort.

Sa'an nan aka shiga aikin haɗe tsibiran. A zamanin Gwamna William Hornby aka datse babbar kafar da teku ke shigowa ta yamma, aka gama aikin a 1784, laka ta soma bushewa tana zama fili. Aka haɗa Colaba da sauran birni a 1838. A 1845 aka gama wata hanya da aka cike a kan ruwa tsakanin Mahim da Bandra, kuma labarinta ya cancanci a riƙe shi. Gwamnati ba ta biya kuɗin aikin ba. Wata baiwar Allah mai suna Avabai, matar attajirin nan Jamsetjee Jeejeebhoy, ita ta biya daga dukiyarta, bisa sharaɗin kada a taɓa karɓar kuɗin fito daga hannun masu wucewa.

Abin da ya fito daga wannan ciko shi ne ƙasa mai siffar harshe, tsawonta bai kai kilomita 20 ba, faɗinta kuma bai wuce 5 ba inda ta fi faɗi, teku ta kewaye ta gabas da yamma da kudu. Misalinta kamar birni mai ganuwa ne wanda fadarsa da kasuwarsa suke can ƙurya, ƙofofinsa kuma duka a gefe guda suke. Duk wanda zai shiga, ta arewa zai shiga, kuma hanya ɗaya zai bi da kowa.

Auduga da dogo

Ran 16 ga Afrilu 1853 jirgin ƙasa na fasinja na farko a Indiya ya tashi daga Bori Bunder zuwa Thane, tafiyar kilomita 34, da taragu 14 da mutum wajen 400. Ba domin ma'aikata masu zuwa ofis aka shimfiɗa wannan dogo ba. Manufar masu shi ita ce su kai ga gonakin auduga na tudun Deccan, su kwaso ta zuwa bakin ruwa. Kamfani na biyu ya shigo da nasa layin daga Gujarat ta gefen yamma cikin 1864, kuma a 1867 ya soma jigilar mutanen unguwannin waje. Layukan nan biyu, na tsakiya da na yamma, su ne ƙashin bayan birnin har gobe. Dukansu daga arewa suka taso, suka gangaro kafaɗa da kafaɗa, suka ƙare kusa da Fort. Babu wanda ya ratsa daga gabas zuwa yamma.

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke wa masaƙun Ingila audugar da suka saba samu, sai suka juyo Indiya. Kuɗi suka kwarara Bombai kamar ruwan damina. Ƙidayar 1864 ta sami mutum fiye da 800,000 a birnin. Gwamna Bartle Frere ya sa aka rushe ganuwa, aka jera manyan gine-ginen gwamnati da kotu da jami'a a gurbinta. Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya daɗa kusantar da birnin ga Turai. Cikin wannan hali ne masaƙu suka yawaita. Cowasji Davar ya kafa ta farko a 1854, kafin ƙarshen ƙarnin sun haura 70, akasarinsu a tsakiyar tsibirin, wajen Parel da Lalbaug da Byculla, yankin da aka laƙaba wa suna Girangaon, watau ƙauyen masaƙu.

A nan akwai abin lura wanda za a komo kansa daga baya. Ma'aikacin masaƙa ba ya hawa jirgi. Yana kwana a irin dogayen gidajen hayan nan da ake kira cawul, ɗakuna jere bisa baranda guda, makewayi ɗaya na kowa da kowa, iyali guda ko fiye a kowane ɗaki. Zama ne na ƙunci ƙwarai, amma da jiniya ta kaɗa da ƙafa yake isa bakin aikinsa. Masu bukatar abin hawa su ne akawuna da 'yan kasuwa, kuma dominsu ne a 1874 aka kawo taram, watau taragun da ke bin dogo a tsakiyar titi. Dawaki ne suka fara jansa, daga 1907 ya koma aiki da lantarki a hannun kamfanin BEST.

Annoba

Cikin watan Satumba 1896 annobar da ƙumar ɓeraye ke yaɗawa ta ɓulla a Mandvi, kusa da rumbunan hatsi na bakin ruwa. Mutane suka yi ta mutuwa, dubban ɗaruruwa suka gudu ƙauyukansu, masaƙu suka rasa ma'aikata, ƙasashen waje suka soma ƙyamar jiragen ruwan da suka fito daga Bombai. Tsoron asarar ciniki ya sa aka kafa Hukumar Gyaran Birni a 1898. Ta fasa manyan tituna ta cikin unguwannin da suka cushe, irin su Princess Street da Sandhurst Road, domin iskar teku ta ratsa, ta kuma yanka filaye a Dadar da Matunga domin jama'a su bazu arewa. Sai dai masu binciken tarihin wannan hukuma sun nuna cewa ɗakunan da ta rushe sun fi waɗanda ta gina. Talakan da aka tasa ba shi da kuɗin fili a Matunga, balle kuɗin taram kullum, saboda haka sai ya matsa lungu na gaba, cunkoson da aka kora daga nan ya tare can.

An sake irin wannan kuskure bayan Yaƙin Duniya na Farko. Gwamna George Lloyd ya ƙuduri gina ɗakuna 50,000 na ma'aikata, aka gina kimanin 16,000, kuma da yawa daga na Worli suka daɗe babu kowa a ciki, domin an gina su nesa da kasuwa, ba a kuwa tanadi abin hawa ba. Shirinsa na cike tekun Back Bay ya ci kuɗi fiye da kima, har wani lauya ɗan majalisa, Khurshed Nariman, ya tona asirin almubazzarancin da aka yi.

Abin da ya buɗe arewa da gaske shi ne lantarki. Ran 3 ga Fabrairu 1925 jirgin lantarki na farko a Indiya ya tashi daga tashar Victoria zuwa Kurla, layin yamma ya bi sahu a 1928. Bas ta shigo a 1926, mai bene a 1937. Jirgin lantarki yana tashi da sauri, yana tsayawa da sauri, saboda haka ana iya sako jirage bi da bi. Akawu ya sami halin kama gida mai iska a Andheri ko Borivali, ya sayi tikitin wata da araha. Ci gaba ne babu shakka. Amma da yake ofis ɗinsa bai gusa daga Fort ba, cunkoson da ya baro a ɗaki shi ya tarar a taragu.

Shawarwari biyu

Samun 'yancin kai a 1947 ya zo da raba ƙasa, 'yan gudun hijira suka kwararo daga yankin da ya zama Pakistan, masana'antu kuma suka yi ta jawo mutanen karkara. Yawan jama'ar birnin da unguwanninsa ya tashi daga kusan miliyan 3 a 1951 zuwa fiye da miliyan 4 a 1961, ya haura miliyan 8 a 1981. Dokar haya ta 1947 ta tsayar da kuɗin hayar tsofaffin gidaje a kan abin da ake biya a 1940. Niyyar dokar kare talaka ce, amma ta sa masu kuɗi sun daina gina gidajen haya, wanda kuma ya sami ɗaki mai araha ba ya sakinsa ko da aikinsa ya koma wani gefe. Baƙo sai ya zaɓi ɗayan biyu: ko ya kafa bukka a bakin dogo da fadama kusa da aiki, ko ya tafi can ƙarshen layi ya riƙa yin sa'a biyu a hanya.

Cikin shekarun 1960 aka gabatar wa gwamnati shawarwari biyu masu hannun riga da juna, kuma abin da aka yi da su shi ne zuciyar wannan tarihi.

Ta farko daga wani kamfanin injiniyoyi na Amurka ta fito, Wilbur Smith, wanda ya miƙa rahotonsa a 1963. Mutanen nan sun zo daga ƙasar da mota ta zama abin hawan kowa, kuma da wannan ido suka dubi Bombai. Suka zana manyan hanyoyin mota masu gudu, ɗaya ta bi gaɓar yamma, ɗaya ta bi ta gabas, da doguwar gada da za ta ƙetare tashar ruwa zuwa babban yanki. A lokacin nan masu motar kansu 'yan ƙalilan ne a birnin. Ra'ayin zamanin ke nan, kuma taram ya zama abin raini, ana ganinsa tsohon yayi mai tare wa mota hanya. An daɗe ana rage layukansa, daren 31 ga Maris 1964 na ƙarshe ya yi tafiyarsa, bayan shekara 90 yana ɗaukar marasa ƙarfi da kuɗi kaɗan.

Shawara ta biyu ta 'yan ƙasa ce, mutum uku masu ƙuruciya: Charles Correa da Pravina Mehta, masu zanen gine-gine da tsara gari, da injiniya Shirish Patel. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce. Muddin birnin yana tsawo ta arewa kawai, kowace sabuwar unguwa ƙarin kaya ce a kan layukan nan biyu. Ga fili kuwa shimfiɗe a ƙetaren tashar ruwa ta gabas. A gina sabon birni can, a mai da tsarin ya zama kewaye da ruwa maimakon layi ɗaya miƙaƙƙe. Sharaɗin da suka fi nanatawa shi ne gwamnatin jiha ta ɗauki sakatariyarta ta koma can, domin inda hukuma ta zauna nan bankuna da lauyoyi da 'yan kwangila suke taruwa. Aka buga shirin a mujallar Marg a 1965, ya sami karɓuwa, a 1970 aka kafa hukumar CIDCO domin gina Sabuwar Bombai a fili mai murabba'in kilomita 344.

Gwamnati ta karɓi shirin, amma ba ta tashi ba. Abin da ya fi wannan ma, cikin shekarun nan da ake yanka filaye a ƙetare, ita kanta gwamnatin tana cike teku a ƙarshen kudu tana sayar wa masu gina dogayen benaye na ofisoshi, da sassaucin dokar gini wanda ba a yi wa sauran unguwanni ba. Abin mamaki, sunan Nariman aka sa wa wurin, mutumin da ya yi suna wajen yaƙar cikon farko. Hannun dama yana rage kaya, na hagu yana ƙarawa. Gadar mota ta isa Vashi a 1973, amma jirgin ƙasa bai ƙetara ba sai 1992, watau shekara 22 bayan kafa hukumar. Ba za a ce shirin ya faɗi ba. An mai da manyan kasuwannin hatsi da kayan gwari da na ƙarfe can, an buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Nhava Sheva a 1989, kuma hakan ya rage manyan motoci a tsohon birni. Amma da yawa daga mazauna sabon birnin wurin kwana kawai suka samu, da asuba su ma su bi sahu zuwa inda aiki yake.

Cikin taragu

Jirgi mai taragu 9 an yi shi ne domin mutum kimanin 1,700. A da, lokacin fita aiki, ya kan ɗauki 4,500 ko fiye, har hukumar jiragen ƙasa ta ƙirƙiro wa wannan matsi suna na musamman a littattafanta, inda mutum 14 zuwa 16 ke tsaye a kan murabba'in mita guda. Ƙofofi a buɗe suke tafiya, domin in an rufe numfashi zai gagara, kuma samari suna rataye a bakinsu. An ware wa mata taragunsu, a 1992 ma layin yamma ya fito da jirgi sukutum na mata zalla. Akwai wata sana'a da ta rayu a kan wannan hali, ta 'yan dako da ake kira dabbawala, waɗanda tun wajen 1890 suke karɓar abincin rana daga gidaje da hantsi, bayan matsi ya lafa, su kai wa mai gida ofis. Kafin 2020 su kimanin 5,000 ne, suna kai kwano wajen 200,000 a yini. Mutumin da ya bar gida tun kafin a ɗora tukunya, wanda kuma ba shi da hannun riƙe kwano a taragu, dole ya nemi mai kawo masa.

Gyara mafi girma da aka yi wa dogon shi ne shirin da aka soma a 2002 da rancen dala miliyan 542 daga Bankin Duniya. Aka ƙara layuka, aka sayo sababbin jirage, aka tsawaita su zuwa taragu 12, waɗansu 15, aka kuma sauya ƙarfin lantarkin. Matsalar da ta fi wuya ta mutane ce. Bukkoki sun matso dogo har a wurare da dama tilas direba ya rage gudu zuwa kilomita 15 a sa'a. A nan aka yi wani abu da ya kamata ma'aikatan gwamnati su yi nazarinsa. Ƙungiyar mazauna bukkoki ta ƙasa, wadda Jockin Arputham ya jagoranta, tare da ƙungiyar mata ta Mahila Milan da ta SPARC, su suka ƙidaya gidajen da kansu, suka sa wa kowace ƙofa lamba, suka tsara wa zai zauna kusa da wa a sabon wuri. Mutum kimanin 60,000 suka tashi daga bakin dogo ba tare da an turo 'yan sanda ba. A ɓangaren faɗaɗa tituna kuwa, inda ba a bi wannan hanya sosai ba, masu kantuna suka kai ƙara, har bankin ya dakatar da biyan wani kaso na kuɗin na 'yan watanni a 2006.

Komowar Wilbur Smith

Bayan da Indiya ta sassauta tattalin arzikinta a 1991, mota da babur suka yi araha. Ababen hawa masu rajista a Mumbai sun tashi daga kimanin miliyan 1 a wajen 2000 zuwa fiye da miliyan 4 a 2022, a birnin da jimillar titunansa kimanin kilomita 2,000 ce. Shi babur mai ƙafa uku, irin wanda Kanawa suke kira a daidaita sahu, an hana shi shiga tsohon tsibirin, iyakarsa Bandra da Sion. Tsohon rahoton 1963 aka kakkaɓe wa ƙura. Ministan ayyuka na jihar, Nitin Gadkari, ya ƙaddamar da gina gadojin sama 55 a ƙarshen shekarun 1990. A 2009 aka buɗe gadar teku mai kilomita 5.6 daga Bandra zuwa Worli, wadda ta kauce wa hanyar da Avabai ta gina. Ita wannan ana biyan kuɗin fito, kuma ba a yarda babur ko mai tafiya a ƙasa ya hau ta ba. Hanyar gaɓar gabas ta biyo baya a 2013. A watan Janairu 2024 gadar ƙetare tashar ruwa, mai kilomita 21.8, ta tabbata, shekara 61 bayan an zana ta, aka sa wa ƙaramar mota rupi 250 zuwa kawai, a birnin da tikitin jirgi mafi araha yake rupi 5. Cikin wannan shekara aka soma buɗe hanyar gaɓar yamma, mai kilomita 10 da 'yan kai, wadda ta ci fiye da rupi biliyan 130, bayan doguwar jayayya da masuntan Koli na Worli a kan mashigin kwale-kwalensu.

Ayyuka ne na gwaninta, kuma wanda ya bi su da mota ya san sun rage masa lokaci. Tambayar ita ce mutum nawa ne shi. Wani bincike da Bankin Duniya ya buga a 2005 ya gano cewa kashi 44 cikin 100 na masu zuwa aiki a Mumbai da ƙafa suke tafiya, a cikin talakawa ma sun haura kashi 60, masu zuwa da motar kansu kuwa ba su kai kashi 5 ba. A daidai wannan zamani bas ta shiga wani hali. Kamfanin BEST, wanda Hukumar Birni ta karɓa tun 1947, ya kan ɗauki fasinja fiye da miliyan 4 a yini a wajen 2008. Da tituna suka cushe bas ta rasa sauri, da ta rasa sauri masu hali suka sayi babur, baburan suka daɗa cushe titin, kamfanin ya yi ta ƙara kuɗin mota domin cike giɓi, fasinja suka ragu da kusan rabi. A 2019 aka rage mafi ƙarancin kuɗin zuwa rupi 5, nan da nan jama'a suka komo, abin da ya nuna cewa tsada ce ta kore su. Amma yawan motocin ya sauka daga fiye da 4,000 zuwa ƙasa da 3,000, a 2025 kuma aka ninka kuɗin.

Ya kamata a yi wa hukumomi adalci a kan jirgin metiro. Layin farko, wanda aka buɗe a watan Yuni 2014 daga Versova zuwa Ghatkopar, kilomita 11.4 ne kacal, amma ya haɗa layin yamma da na tsakiya a unguwannin waje, ya mai da tafiyar fiye da sa'a guda ta koma minti 21. Ya cika maƙil tun daga farko. Jirgi mai bin dogo guda da aka buɗe cikin wannan shekara bai sami fasinja ba, domin an bi da shi inda jama'a ba su nufa. Layin ƙarƙashin ƙasa mai kilomita 33.5, wanda aka gina da rancen Japan, an kammala buɗe shi a watan Oktoba 2025, bayan rigimar sare itatuwa fiye da 2,000 a dajin Aarey cikin 2019. Ya ratsa Bandra Kurla, cibiyar ofisoshin da aka shirya tun 1977 domin rage wa kudu nauyi, wadda ta yi shekaru babu tashar jirgi a cikinta.

Filayen masaƙu

Sauran al'amari guda, kuma sai an koma baya kaɗan kafin a fahimce shi. Ran 18 ga Janairu 1982 ma'aikatan masaƙu kimanin 250,000 suka shiga yajin aiki ƙarƙashin Datta Samant. Yajin ya wuce shekara, ba a biya musu bukata ba, masaƙun kuma ba su sake farfaɗowa ba. Da suka rufe ɗaya bayan ɗaya, sai ga fili wajen eka 600 ya faɗo a tsakiyar tsibirin da kowa ke kukan ba shi da masakar tsinke. Tun cikon zamanin Hornby birnin bai sami dama irin wannan ba. Dokar gini ta 1991 ta ce a kasa filin kowace masaƙa uku: kaso ɗaya na mai ita, ɗaya na Hukumar Birni domin wuraren shan iska da amfanin jama'a, ɗaya na gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Charles Correa ɗin nan dai shi aka sa ya shugabanci kwamiti a 1996, ya ba da shawarar a tsara yankin gaba ɗaya, a fitar da sababbin tituna da hanyoyin ƙafa masu faɗi zuwa tashoshi. Ba a yi aiki da rahotonsa ba. A 2001 aka yi wa dokar kwaskwarima, aka ce filin da babu gini a kansa kaɗai za a kasa. Da yake rumfunan injuna sun rufe akasarin kowace masaƙa, rabon jama'a ya koma ɗan kaɗan. Kotun Ƙoli ta tabbatar da gyaran a 2006.

Kowane mai masaƙa ya gina nasa shi kaɗai. Benayen ofisoshi da manyan kantuna da otal-otal suka tashi a Lower Parel, a kan titunan da aka yanka domin amalanke da masu tafiya a ƙasa. Tsofaffin ma'aikatan da ke isa aiki da ƙafa da yawansu suka koma can bayan gari, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa a jirgi suke zuwa daga Virar da Kalyan, su sauka a ƙananan tashoshin da ba a gina domin taro ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce Elphinstone Road ta layin yamma, wadda wata siririyar gadar ƙafa ta haɗa da tashar Parel ta layin tsakiya. Fasinjoji da jaridu da 'yan majalisa sun daɗe suna kuka a kan wannan gada. An amince da gina sabuwa mai faɗi tun 2016, amma ba a soma aikin ba.

Ran 29 ga Satumba 2017, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, ruwan sama ya sauko. Waɗanda ke kan matakala suka tsaya suna fakewa, jirage suka iso kusan lokaci guda suka juye nasu mutanen, na baya suka yi ta turo na gaba. Mutum 23 suka mutu a turmutsutsun. Gwamnati ta kira injiniyoyin soja, suka gina sabuwar gadar ƙafa cikin kwana 117, aka buɗe ta a watan Fabrairu 2018. Cikin watan Yuli na wannan shekara aka sauya wa tashar suna zuwa Prabhadevi.